Wane girman keji ne ya ishi ƙaramar mesa?

A Amurka da ƙasashen Turai, inda mutane ke kiwon maciji a ɗaka don sha'awa kamar yadda samarinmu ke kiwon tantabaru, da wuya a samu macijin da ya kai wata ƙaramar mesa farin jini. Masana na kiranta Python regius, masu kiwo a Amurka kuma suna ce mata ball python. Ba ta da dafi, ba ta da saurin sara, in ta tsorata sai ta dunƙule ta cusa kai a tsakiyar jikinta ta yi lamo. Sanyin halin nan ne ya sa ake cewa ita ta fi dacewa da mai fara koyon kiwo. A ganina kuma shi ne ya ja mata cutarwa. Dabbar da ba ta kuka, ba ta cizon ƙarfen keji, ba a kuma gane ɓacin rai a fuskarta, da sauƙi a matse ta cikin ɗan akwati shekara ashirin ana cewa ai lafiyarta lau.

Shekaru da dama ke nan masu kiwo da likitocin dabbobi da hukumomi suna ja-in-ja a kan girman kejin da ya dace da ita, kuma amsoshinsu sun yi hannun riga. Wani zai nuna maka durowar roba da zurfinta bai wuce santimita 15 ba, ya ce a ciki mesarsa ta girma har ta yi ƙwai. Wani kuma zai ce duk kejin da bai kai santimita 120 a tsawo ba, da 60 a faɗi, da 60 daga ƙasa zuwa rufi, ƙuntatawa ce. Kowannensu da halin mesar a daji yake kafa hujja, don haka daga dajin ya kamata a fara.

Dajin kuwa namu ne. Mesar nan tana rayuwa daga Senegal har zuwa Sudan ta Kudu da Uganda, ta ratsa Ghana da Togo da Benin da Najeriya da Kamaru da Chadi, cikin dajin ciyawa da gefen kurmi da gonaki. A birnin Ouidah na Benin akwai ɗakin bauta da ake ajiye ta, a wasu sassan ƙasar Ibo ma ba a kashe ta. Tana rukuni na biyu, wato na dabbobin da ake cinikinsu da izini, a yarjejeniyar CITES mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kuma daga 1975 zuwa yau an fitar da fiye da miliyan uku da ransu, galibi daga Togo da Benin da Ghana, mafi yawa zuwa Amurka. Masu kama ta da rana suke fita. Suna tono ta a ramin gafiya ko cikin tsohon suri, musamman da rani lokacin da mata ke kwance kan ƙwai. Abin da aka fi gani ke nan, shi ya zama labarin da ya ƙetare teku: mesa ce ta rami, ba ta son fili, ba ta motsi, matsi ne jin daɗinta.

Rabin labarin gaskiya ne. Da rana tana son wuri mai duhu mai danshi, wanda bangonsa ke taɓa jikinta ta kowane gefe. Amma dabbar dare ce, kuma wanda ya same ta da azahar a rami makwancinta kawai ya gani. A 1998 masana biyu 'yan Italiya, Luca Luiselli da Francesco Angelici, sun wallafa binciken da suka yi kan abincin wannan mesa a kudu maso gabashin Najeriya. Sun gano cewa mazan sun fi cin tsuntsaye, kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da suka ci, matan kuma sun fi cin ɓeraye da danginsu, sannan an fi samun mazan a kan itatuwa. Macijin da abincinsa tsuntsu ne ba a cikin rami yake samunsa ba. Dole ya fito, ya yi tafiya, ya hau. Kejin da aka tsara shi a kan kwanciyar rana kaɗai ya mance da abin da dabbar ke yi tsakanin magariba da asuba.

To daga ina durowa ta samo asali? Daga kasuwa. A 1992 wani mai kiwo, Bob Clark, ya ƙyanƙyashe zabiyar wannan mesa a Amurka, a 1997 wani mai kiwon, Peter Kahl, ya tabbatar da cewa launin dabbare-dabbare mai fari ana gadonsa. Daga nan aka shiga tseren fito da sabbin launuka, har guda ɗaya ta riƙa kai dubban daloli. Mai neman launi ba ɗaya yake ajiyewa ba, ɗari yake ajiyewa ko fiye, kuma ba ɗakin da zai ɗauki keji ɗari masu girma. Sai aka ƙera kanta mai hawa-hawa, kowane hawa da jerin durowoyin roba, aka bi bayansu da zaren ɗumamawa guda. Durowar babbar mesa takan kai kusan santimita 85 a tsawo da 40 a faɗi. Tsarin yana da amfaninsa, ba zan musa ba: yana riƙe zafi da danshi, wanke shi ba wuya, cuta ba ta saurin tsallakawa daga wannan zuwa waccan, kuma mesa mai tsoro takan karɓi abinci a ciki. Inda nake da ja shi ne yadda awon da aka yanka don sauƙin mai sana'a ya rikiɗe ya zama shawarar da ake ba yaron da ya sayi guda ɗaya tak, wanda ba abin da ya hana shi ba ta wuri.

Hujjar da aka fi jinginuwa da ita ita ce tana ci, tana girma, tana haihuwa. Wannan alama ce ta cewa dabbar ba ta cikin halin mutuwa. Bai nuna ta samu abin da jikinta ke nema ba. A 2021 wasu masu bincike a Munich ta Jamus, Hollandt da Baur da Wöhr, sun wallafa gwaji a mujallar PLOS ONE. Sun ɗauki irin wannan mesa guda 35, suka ajiye su a durowa, suka kuma ajiye su a keji mai fili da rassa da ruwa da fitila, kyamara tana ɗaukar su dare da rana. A keji an ga suna hawa, suna shiga ruwa, suna fitowa shan ɗumin fitila. A durowa an fi ganin suna danna baki da hanci a jikin bango suna neman mafita. A duka wuraren biyu hutawa ta fi yawa cikin lokacinsu, wanda ya gaskata masu cewa ba dabba ce mai zirga-zirga ba. Amma ɗan lokacin da take motsi, abin da take yi da shi ya bambanta ƙwarai gwargwadon wurin da aka ba ta.

Sai batun miƙewa, wanda shi ne tsakiyar rigimar awo. Tsohuwar ƙa'idar da ta daɗe tana yawo tsakanin masu kiwo ita ce a haɗa tsawon keji da faɗinsa, in jimillar ta kai tsawon macijin to ya isa. Mu gwada ta da lissafi. Babbar mesa irin wannan takan kai tsakanin santimita 90 zuwa 150, mata sun fi maza girma, ɗaiɗaiku sukan doshi 180. A ɗauki mai santimita 130. Tankin gilashin da aka saba sayarwa a Amurka don babbar mesa, mai cin galan 40, kusan santimita 90 ne da 45. Jimilla 135, ya ci jarrabawar tsohuwar ƙa'ida. Amma layi mafi tsawo a ƙasan wannan tanki, daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, kusan santimita 100 ne. Ma'ana duk inda mesar ta juya ba za ta taɓa miƙe jikinta sambal ba, har ƙarshen rayuwarta. A keji mai 120 da 60 kuwa wannan layi ya kai kusan 134, kuma filin ƙasa ya tashi daga santimita murabba'i 4,000 da ɗoriya zuwa 7,200. Abin da ya sa ƙafa huɗu da biyu da biyu, wato santimita 120 da 60 da 60, ya zama awon da masu kiwo da yawa ke kira mafi ƙanƙanta a yau ke nan. Mace mai santimita 150 ta fi ƙarfinsa, ita sai mai tsawon ƙafa biyar.

Hukumomi ma ba su daidaita ba. Jagorar da ma'aikatar noma ta Jamus ta fitar a 1997 ta ɗaura awo a kan jikin dabbar: tsawon keji daidai da tsawon mesa, faɗi rabinsa, bisa kashi uku cikin huɗu. Ga mai santimita 130 hakan na nufin 130 da 65 da kusan 98. A Ingila kuwa, jagorar lasisin masu sayar da dabbobi da ta biyo dokar 2018 ta tsaya a kashi biyu cikin uku na tsawon macijin, wato kusan santimita 87 ga wannan mesa tamu. An yi ta cece-kuce a kan hakan, domin likitocin dabbobi da ƙungiyoyin kare haƙƙinsu sun nemi a ce cikakken tsawo. A wani bincike da aka wallafa a 2019, masanin dabbobi Clifford Warwick da abokan aikinsa sun leƙa macizai 65 a gidajen namun daji, suka ga fiye da kashi ɗaya cikin uku sun miƙe sambal ko kusa da haka cikin sa'a guda kacal. Warwick sananne ne wajen adawa da cinikin dabbobi masu jan ciki, masu kiwo da yawa ba sa ga maciji da shi, amma abin da ya ƙirga abu ne da duk mai keji mai tsawo zai iya tabbatarwa da idonsa. A kuma lura, awon Ingila na shago ne, inda dabba ke zaman jiran mai saye. Ba a yanka shi don zaman shekara da shekaru ba.

Miƙewa ba ado ba ce. Huhun mesa dogo ne, yana kwance tare da tsawon jiki, kuma maciji ba shi da tantanin da ke raba ƙirji da ciki, don haka ba ya iya tari. Likitocin dabbobi da dama na ganin miƙewa da motsi suna taimaka masa wajen fitar da majina, ciwon numfashi kuwa yana cikin manyan abubuwan da ke kai wannan mesa asibiti. Ga kuma ƙiba. Mesar da ake cusa wa ɓera duk mako a wurin da ba ta iya tafiya, kitse take tarawa, kuma mai ita yakan ɗauka koshin lafiya ne.

Duk da haka, dalilin da na fi ba nauyi ba miƙewa ba ne, zafi ne. Jikin maciji ba ya samar da ɗumin kansa. Yana daidaita shi ne ta hanyar sauya wuri: in ya ci abinci ya matsa wurin ɗumi don ya narke, in ya ishe shi ya koma wurin sanyi. Saboda haka keji na buƙatar gefe mai ɗumi, kusan digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyas, da gefe mai sanyi, kusan 24 zuwa 27, da matsakaici a tsakaninsu. Wannan bambanci yana cin wuri. A ƙaramin akwati ɗumi yakan mamaye ko'ina, ko kuma wurin ɗumin ya zama ɗan tabo da bai ɗauki rabin jikin dabbar ba. Mesa mai kilo ɗaya da rabi in ta naɗe takan cika wuri mai faɗin santimita 25 zuwa 30. Sai ka ba ta maɓoya mai wannan girma a gefen ɗumi, ka ba ta wata irinta a gefen sanyi don kada ta zaɓi tsakanin ɓuya da ɗumi, ka ajiye kwanon ruwa mai nauyi da za ta iya shiga ciki. Jera waɗannan uku a cikin santimita 90 ka gani. Sun cinye wurin, ba sauran hanyar wucewa balle reshe. Awon keji a gaskiya daga kayan da dole su shiga cikinsa yake fitowa, kuma in aka bi ta wannan hanya ma a kan 120 ake sauka.

Tsayi zuwa sama shi ne awon da aka fi rainawa. Santimita 60 ba don hawa kaɗai ba ce. Ƙasan keji na buƙatar shimfiɗa mai riƙe danshi, irin ɓawon kwakwa ko ƙasa mai tsabta, mai kaurin santimita 8 zuwa 10, domin danshin iska ya zauna a kusan kashi 60 cikin ɗari, ya ɗan haura lokacin saɓa. Fitilar ɗumi da ke rataye a ciki, tare da ragar da ke kare ta don kada mesar ta naɗe ta ta ƙone, tana cin wata santimita 15 ko fiye. Abin da ya rage a tsakani shi ne na dabbar. Reshe mai kauri da aka kafe da kyau, ko ɗan dandamali, ya wadatar. Mesa ce mai nauyin jiki, tana hawa amma takan suɓuce, don haka keji mai tsananin tsayi marar matakai ba alheri ba ne gare ta. Kowace na'urar ɗumi kuma dole a haɗa ta da na'urar daidaita zafi, domin maciji yakan kwanta a kan abin da ke ƙona shi bai tashi ba.

Jaririya fa? A nan masu cewa babban keji na firgita mesa suka fi samun abin faɗa, kuma ba daga iska suka ɗauko maganar ba. Sabuwar ƙyanƙyasa takan kai santimita 25 zuwa 40, komai na daji yana iya cinye ta, tsoro a jininta yake. A jefa ta cikin tankin gilashi mai faɗi da maɓoya ɗaya da kwanon ruwa, haske ta ko'ina, mutane na wucewa ta ɓangare huɗu, za ta daina ci. Mai ita ya mayar da ita ƙaramar roba ta ci, sai ya yanke hukunci cewa girman ne matsala. Amma abu biyu ya sauya a lokaci guda: ya rage fili, ya kuma ƙara rufi. Na biyun ne ya yi aiki. A daji babu bango, jaririyar tana rayuwa ne saboda duk taku akwai ciyawa ko ganye ko rami. In aka cika babban keji da maɓoyai ƙanana masu matse jiki da ƙofa ɗaya, da ganyen roba, da ɓawon itace, aka rufe bayansa da gefunansa, ta yadda za ta bi daga gefen ɗumi zuwa na sanyi ba tare da an gan ta ba, jaririya takan zauna lafiya. Wanda ya fi son farawa da ƙarami, misali santimita 60 da 40, bai yi laifi ba, domin ya fi sauƙin lura da cinta da kashinta. Sai dai ya sani cikin shekara guda za ta fi ƙarfinsa, zuwa shekara uku ta kusa cika girmanta, kuma sayen keji uku a jere ya fi sayen babba ɗaya tsada. Ya kuma toshe duk wata kafa, don jaririya takan fice ta tsagar ƙofar gilashi mai zamewa.

Ƙin cin abinci ma a yi hattara da fassara shi. Wannan mesa, musamman namiji baligi, takan yi watanni ba ta ci ba a lokacin sanyi da lokacin barbara, a kowane irin keji. Muddin nauyinta bai zube ba, ba girman wurin ya kamata a fara zargi ba. A fara duba zafi, da danshi, da ko maɓoyar ta yi mata girma.

Kayan da aka ƙera kejin da shi yana shafar awon. Tankin gilashi mai rufin raga yana zubar da ɗumi da danshi ta sama, kuma idan ya yi girma matsalar ta ƙaru, shi ya sa wasu da suka gwada babban tanki suka ga saɓa na maƙalewa suka koma roba. Allon roba mai tauri na PVC ko katakon da aka shafe da abin hana ruwa, mai ƙofa ta gaba, ya fi riƙewa, kuma hannu ba ya sauko wa dabbar ta sama yadda shaho ke yi. Keji ɗaya mesa ɗaya. In aka haɗa biyu, takara suke yi a kan maɓoya mafi kyau, ko da mai kallo ya ga kamar sun rungumi juna.

Wanda ke ajiye ta a ƙasashenmu, lissafinsa ya ɗan juya. A Kano ko Maraɗi cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, abin wuya shi ne samar da gefen sanyi, kuma ƙaramin akwati a ɗaki mai rufin kwano zai iya kashe ta cikin yini guda. Da hunturu kuma iska ta bushe ƙayau, dare ya yi sanyi. A daji rami mai zurfi ne ke kare ta daga duka biyun. A gida kuwa keji mai fili da shimfiɗa mai kauri, a ɗakin da ya fi sanyi kuma nesa da taga, ya fi jinkirin ɗaukar zafi da sakinsa, musamman inda wuta ke ɗaukewa.

Akwai kuma tsawon rai, wanda masu saye ba su cika sa shi a lissafi ba. Shekara 20 zuwa 30 abu ne da aka saba gani a hannun mai kula. A 2020 wata a gidan namun daji na St. Louis a Amurka ta yi ƙwai tana da kimanin shekara 62. Sau da yawa kejin da kayan ɗuminsa sun fi mesar kanta tsada, shi ya sa shago ke saurin cewa ƙarami ya isa, don kada mai saye ya ji jimillar kuɗin ya fasa. Kafin a biya, a auna bangon da kejin zai zauna. A auna dabbar kuma da igiya a bi lanƙwasar bayanta, ko a ɗauke ta hoto daga sama kusa da ma'auni. Kada a auna saɓarta, domin fatar takan miƙe ta fi jikin tsawo.

Bayan an zuba ta a ciki, dabbar ce za ta nuna ko awon ya yi, amma sai an duba ta da dare. Fitowa bayan magariba, zagayawa a hankali tana fitar da harshe, hawa reshe, sauya maɓoya daga ɗumi zuwa sanyi, duk halin lafiya ne. Mesar da ke bin gilashi sama da ƙasa ba tsayawa, ko da rana tsaka, tana tura hanci a kusurwa har ya goge ya yi ja, wani abu ne ya dame ta: zafi ya yi yawa, ko maɓoya ba ta yi ba, ko wurin ya yi kaɗan. A gyara biyun farko a ba ta mako biyu ko uku. In hancin bai daina gogewa ba, a sauya mata keji mafi tsawo, a kuma kai ta wurin likitan dabbobi kafin raunin ya kai cikin baki.